MAI TAMBAYA DA MAI SHAKKA: INA MATSAYINSU A MUSULUNCI?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wani al'amari da ya ke yawan aukuwa a gidajen Musulmi na wannan zamani, wanda ba a cika son maganarsa a fili ba. Yaro ya tashi a gidan salla da azumi, ya sauke Alkur'ani ko ya yi nisa a cikinsa, a sa shi makarantar boko har ya kai jami'a. Ran nan ya zo hutu, ana zaune a zaure bayan sallar lisha, sai ya dubi mahaifinsa ya ce, "Baba, da a ce a wata ƙasa aka haife ni, a gidan da ba a salla, da yanzu wane addini na ke bi? To, ta yaya zan san abin da na ke kai shi ne gaskiya, ba don kawai na tarar da ku a kansa ba?" Mahaifin ya yi salati, ya ce boko ta lalata masa ɗa. Da gari ya waye a kai shi wurin malam. Wani malamin ya ce iska ce ko sammu, a yi rubutu a ba shi ya sha. Wani kuwa ya ce ai yaron ya riga ya fita daga Musulunci, sai ya sabunta kalmar shahada. Yaro ya ga haka, ya ja bakinsa ya yi shiru, ya ci gaba da bin sahu a masallaci. Kowa ya ce alhamdu lillahi ya warke, alhali kuwa tambayar tana nan daram, ciki kawai ta koma, kuma tun daga ranar ya ƙudurta a ransa cewa mutanen gidansu da malamansu ba su da amsa.

Abin da mahaifin da malamin ba su sani ba, ko suka manta, shi ne wannan tambaya ta girmi boko da ɗaruruwan shekaru. Wanda ya fi kowa shahara da yin ta kuwa malami ne wanda Musulmin duniya suka yi wa laƙabi da Hujjatul Islam, watau Imamu Abu Hamid Muhammadu Gazali, mai littafin Ihya'u Ulumid Dini. An haife shi a garin Ɗus cikin ƙasar Hurasana a shekara ta 1058, watau 450 bayan Hijira. Ya yi karatu a Naisaburi wurin Imamul Haramaini Juwaini, kuma a 1091 Waziri Nizamul Mulki ya naɗa shi malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, yana da shekara 33 da haihuwa, almajirai 300 suna zama gabansa. Cikin wani ɗan littafi da ya wallafa kusa da ƙarshen rayuwarsa, mai suna Almunƙizu Minad Dalali, ya ba da labarin zuciyarsa da kansa ba tare da ɓoye kome ba. Ya faɗi cewa tun yana matashi ya lura 'ya'yan Nasara su kan tashi Nasara, 'ya'yan Yahudu su tashi Yahudu, 'ya'yan Musulmi kuma su tashi Musulmi, kowa yana rantsuwa nasa ne daidai. Daga nan igiyar taƙlidi ta tsinke masa, watau bin abin da aka gada ido rufe, ya shiga neman abin da zai tsaya a kansa da yaƙini.

Shakkar da ta kama Gazali ta fi ta ɗan jami'ar nan zurfi nesa ba kusa ba. Ya fara da gani da ji, ya ce ai waɗannan ba a musun su. Sai ya dubi inuwa, ido ya nuna masa a tsaye ta ke, amma bayan sa'a guda ya tarar ta gusa, ashe tun ɗazu tafiya ta ke yi kaɗan kaɗan. Ya dubi tauraro, ido ya nuna masa bai fi dinari girma ba, lissafi kuwa ya tabbatar ya fi duniya girma. Ke nan hankali ya ƙaryata ido. To, sai ya koma ga hankali, ya ce lalle goma ta fi uku yawa, kuma abu ba ya zama akwai shi da babu shi a lokaci ɗaya. Nan ma wata tambaya ta taso masa: in hankali ya zo ya ƙaryata ido, me zai hana a sami wani alƙali a bayan hankali wanda zai ƙaryata shi shi ma? Mai barci ya kan gaskata mafarkinsa har sai ya farka, to wa ya ba da tabbacin cewa wannan farkawa ba wani barcin ba ce? Kimanin wata biyu ya yi cikin wannan hali, bai furta wa kowa ba, amma zuciyarsa ba ta amince da kome ba. Da ya zo faɗin yadda ya warke, bai ce wata hujja ce da ya tsara ta fisshe shi ba. Cewa ya yi wani haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji, sa'an nan hankalinsa ya komo ya amince da abubuwan da ba makawa sai an amince da su.

Akwai wani misali da Gazali ya buga a wannan littafi wanda ya kamata kowane uba ya riƙe. Ya kamanta taƙlidi da gilashi: sharaɗin mai taƙlidi shi ne kada ya san taƙlidi ya ke yi, ranar da ya gane kuwa gilashin ya fashe, kuma ba a ɗinke fasasshen gilashi, sai dai a mai da shi wuta a narkar a sake ƙera wani. Uban da ya ke tsawa, da malamin da ya ke ba da rubutun sha, dukansu ƙoƙari su ke yi su manne gilashin da ya riga ya fashe. Yaron ba zai sake komawa irin imanin da ya ke da shi yana ɗan shekara goma ba, ko da an ɗaure shi a turu. Abu biyu ne kaɗai ke gabansa, ko dai ya sami imanin da ya ratsa ta cikin tambaya ya fito, ko kuwa ya zauna da fasassun gilasai a ƙirji yana munafunci don tsoron mutane. Wanda ya rufe masa baki ya tura shi ne zuwa ga na biyun, ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

Ba wai Gazali ne ya fara sassauta wa mai irin wannan hali ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa waɗansu sahabbai sun zo wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, suna kukan cewa su kan ji waɗansu abubuwa a zukatansu waɗanda nauyin faɗinsu ya fi ƙarfin bakinsu. Bai kore su ba, bai ce su sake shahada ba. Ya tambaye su ko da gaske sun ji hakan, da suka amsa, sai ya shaida musu cewa wannan shi ne tsantsar imani. Malamai sun yi bayani cewa jin nauyin abin da ƙyamarsa shi ne alamar imanin, domin ɓarawo ba ya wahalar da kansa a kan kangon da ba kome a ciki. Haka kuma cikin Suratul Baƙara, aya ta 260, Allah ya ba da labarin Annabi Ibrahim, alaihis salamu, lokacin da ya roƙi a nuna masa yadda a ke rayar da matattu. Da aka tambaye shi ko bai yi imani ba ne, ya tabbatar ya yi imani, natsuwar zuciya ya ke nema. Ba a zarge shi ba, aka umurce shi ya kama tsuntsaye huɗu, aka nuna masa abin da ya roƙa. Annabawa ba sa shakka, wannan ba abin jayayya ba ne, amma ƙissar ta nuna cewa neman ƙarin natsuwa hali ne da ya ke zama tare da imani a zuciya ɗaya.

Sai dai lalle a rarrabe tsakanin waswasi da shubuha, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Waswasi tunani ne da ya ke faɗo wa mutum ba da son ransa ba, ba shi da tushe, ba shi da iyaka, irin wanda hadisi ya ambata na Shaiɗan da zai yi ta tambayar wa ya halicci kaza, wa ya halicci kaza, har ya kai ga tambayar wa ya halicci Mahalicci. Wannan an ce a nemi tsari a daina bin sa, domin ko an amsa sau dubu zai sake tsirowa. Shubuha kuwa tambaya ce mai kai da ƙafa, wadda mutum ya karanta ko ya ji, ta tsaya masa a maƙogwaro, kuma tana da amsa a wurin masu ilmi. In aka ce wa mai shubuha ya nemi tsari kawai ya yi shiru, an yi kamar wanda aka kawo wa mai karaya ya ba shi maganin ciwon kai.

Masu tsanani suna da tasu hujja, kuma ba daidai ba ne a ɓoye ta. Su kan kawo labarin wani mutum mai suna Sabigu wanda ya zo Madina zamanin Sayyidina Umar yana ta tambaye-tambaye a kan ayoyi masu kama da juna, Umar ya sa aka yi masa bulala da zarban dabino, ya hana mutane zama da shi har sai da ya tuba. Su kan kuma kawo labarin wanda ya tambayi Imamu Malik yadda daidaituwar Allah a kan Al'arshi ta ke, Malik ya yi gumi, ya ba shi gajeriyar amsa, ya ce tambayar bidi'a ce, ya sa aka fitar da shi. Waɗannan labarai sanannu ne a littattafai. Malamai sun fassara su da cewa mutanen biyu ba ilmi suka zo nema ba, rikici suka zo shukawa a tsakanin jama'a, kuma irinsu ba su ƙare ba har gobe. Amma haɗarin shi ne kowane malami da aka yi wa tambayar da ta fi ƙarfinsa sai ya ɗauki kansa Malik, ya ɗauki mai tambayar Sabigu. Ya kamata a tuna wane ne Malik ɗin. Shi ne wanda aka ruwaito an yi masa tambaya 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba. Shi ne kuma wanda Halifa Mansur ya nemi ya ɗora wa dukan ƙasashen Musulmi littafinsa Muwaɗɗa ya zama doka, ya ƙi, sabo da sahabbai sun warwatsu cikin garuruwa, kowane gari da ilmin da ya isa gare shi. Malamin da almajiransa ba su taɓa jin "ban sani ba" daga bakinsa ba, da wuya a yarda cewa kishin addini ne ya sa shi korar mai tambaya, ba tsoron kunya ba.

A koma ga Gazali. Bayan ya warke, bai naɗe tabarmar bincike ba. Ya kasa masu neman gaskiya na zamaninsa kashi huɗu, malaman ilmul kalami, da Baɗiniyya masu cewa sai ta bakin imaminsu ma'asumi a ke samun gaskiya, da 'yan falsafa, da sufaye, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A ganinsa, wanda ya soki wani fanni tun bai san shi kamar yadda manyan masu fannin suka san shi ba, jifa ya ke yi a cikin duhu. Sabo da haka ya duƙufa kan littattafan Farabi da Ibnu Sina a ɗan lokacin da ya ke samu bayan karantarwa, ba malami, cikin ƙasa da shekara biyu ya ƙure su, ya ƙara kamar shekara guda yana juya su a ransa. Ya rubuta Maƙasidul Falasifa inda ya shimfiɗa ra'ayoyinsu yadda su ke, ya kuma rubuta Tahafutul Falasifa inda ya yi musu raddi a kan mas'ala 20, ya kafirta su a kan uku kawai: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna ranar alƙiyama. Da ya zo kan Baɗiniyya ma, har waɗansu malamai suka zarge shi da cewa ya tsara musu hujjojinsu fiye da yadda su da kansu za su iya. Bai ga laifin kansa ba, don shubuhar ta riga ta bazu, kuma raddin da bai fahimci abokin gaba ba dariya kawai ya ke jawowa.

Wani abin lura shi ne bai yi wa falsafa kuɗin goro ba. Ya ware lissafi da ilmin manɗiƙi ya ce babu abin da ya haɗa su da musun addini, sa'an nan ya yi gargaɗi mai zafi ga wanda ya kira jahilin masoyin Musulunci, watau mutumin da ya ke zaton taimakon addini shi ne ƙaryata duk abin da ya fito daga bakin 'yan falsafa. Misalin da ya kawo shi ne husufi. Masu lissafi sun tabbatar husufin wata inuwar duniya ce ta ke faɗawa a kansa, husufin rana kuma wata ne ya ke shiga tsakani, har su kan faɗi ranar da abin zai auku da tsawon lokacinsa. In wani ya zo ya ce shari'a ta ƙaryata wannan, wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. Ɓarnar irin wannan masoyi, in ji Gazali, ta fi ta maƙiyi.

Wannan gargaɗi kamar don ƙasar Hausa aka yi shi. An daɗe a na jin yara suna kaɗa gwangwanaye da dare suna cewa rana ta kama wata, kuma abin bai tsaya ga wasan yara ba. A watan Janairu na 2001, da aka yi husufin wata, waɗansu matasa a Maiduguri suka fita suka ƙone otal-otal da mashaya, wai zunubin da a ke yi a ciki ne ya jawo abin. A ranar 29 ga Maris 2006 kuma husufin rana ya ratsa arewa maso yammacin Nijeriya da kudancin Nijar, gari ya yi duhu da hantsi, daidai lokacin da masana taurari suka sanar tun da daɗewa. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa, sa'an nan ya ji mai wa'azi yana cewa lissafin ƙarya ce ta kafirai, an buɗe masa ƙofar shakkar da babu littafin Turawa da zai iya buɗe masa irinta. Alhali kuwa Manzon Allah da kansa ya raba husufi da camfi. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, a shekara ta 10 bayan Hijira, rana ta yi husufi, mutane suka ce don mutuwar yaron ne. Da ya yi shiru da darajarsa ta ƙaru a idon masu faɗin haka, amma sai ya tashi ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su husufi, abin da a ke so in an gani shi ne salla da addu'a.

To, kada ɗan jami'a ya ji wannan ya ce an ba shi gaskiya duka. Gazali bai ƙyale irinsa ba. A farkon Tahafutu ya kwatanta waɗansu mutane na zamaninsa waɗanda suka yi watsi da salla da dokokin shari'a ba don sun bincika kome ba, sai don sun ji manyan sunaye irin su Suƙuraɗu da Aflaɗuna da Arisɗo, suka so a lissafa su cikin masu kaifin basira. Ya ce waɗannan sun bar wani taƙlidi ne sun koma wani. Irinsu suna nan da yawa yau. Mutum ya tsananta bincike a kan duk abin da malamin zaure ya faɗa, amma abin da ya gani a wayarsa daga bakin wani baƙo da bai san ko wane ne ba, ya haɗiye shi ba tauna. Wannan ba shi da haƙƙin kiran kansa mai buɗaɗɗen tunani, tun da ƙofa ɗaya ya buɗe ya toshe ɗaya. Gazali ya buga misali da mai canjin kuɗi, wanda zai iya zura hannu cikin jakar mai jabu ya zaro zinariya tsantsa don ya san ta, amma baƙauye in ya gwada haka jabun zai kwaso. Akwai kuma wanda shakka ta zame masa matashin kai, yana jin daɗinta don ta ɗauke masa tashin asuba da sauran nauye-nauye. Ana gane mai shakka na gaskiya da cewa abin yana hana shi barci, yana tashi ya nemi littafi, ya nemi malami, kuma a shirye ya ke ya sake halinsa in amsar ta zo masa yadda ba ya so.

Gazali ya biya wannan farashi da kansa. A watan Rajab na 488, watau 1095, ya binciki niyyarsa ya tarar karantarwar da ya ke yi neman suna ne da ɗaukaka. Wata shida yana kai gwauro yana kai mari tsakanin barin muƙaminsa da riƙe shi, har Allah ya ɗaure harshensa, ya zo gaban almajirai ya kasa furta kalma ɗaya, abinci ya daina narkewa a cikinsa, likitoci suka ce ciwon daga zuciya ya ke. Ya rarraba dukiyarsa, ya bar abin da zai ishi iyali, ya fita daga Bagadaza. Ya zauna Dimashƙa yana hawa hasumiyar masallaci ya kulle kansa yini guda, ya je Baitul Muƙaddas, ya yi aikin hajji, bai koma karantarwa a makarantar hukuma ba sai 1106 a Naisaburi.

Akwai wani kuskure kishiyar na mahaifin nan, wanda shi ma ya taɓa yin ɓarna a ƙasar Hausa. Zamanin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ke wa'azi a Gobir da Zamfara, an sami waɗansu ɗalibai da suka ƙware a ilmin tauhidi irin na mutakallimai, suka riƙa tare talakawa suna yi musu jarrabawa a kan siffofin Allah da dalilansu na hankali, wanda ya kasa su ce kafiri ne. Wanda aka kafirta kuwa yankansa ya haramta, aurensa ya shiga matsala. Shehu ya tsaya ya yaƙe su da alƙalami cikin littattafai masu yawa, ya nuna cewa Annabi da sahabbai sun karɓi Musuluncin makiyayi da baƙauye ba tare da irin wannan jarrabawa ba. Har malaminsa da ya ke girmamawa ƙwarai, Malam Jibrilu ɗan Umaru, Shehu ya saɓa masa a kan kafirta Musulmi sabo da aikata manyan zunubai, bai kuma daina yabonsa ba. Saurayin da ya karanta falsafa ya fara raina imanin kakarsa mai jan carbi don ba ta iya kawo hujja ba, sahun waɗancan ɗalibai ya shiga ba tare da ya sani ba. Gazali ma littafinsa na ƙarshe, Iljamul Awami, a kan hana jefa talakawa cikin rigingimun kalami ya yi shi. Wanda gilashinsa bai fashe ba, zalunci ne a je a fasa masa.

Saura tambaya mafi wuya, wadda ita ce ainihin abin da ya ke ci wa uba rai. In yaron ya nema da gaske, ya karanta, ya tambaya, amma har yanzu bai kai gaci ba fa? Gazali ya taɓo wannan cikin Faisalut Tafriƙa, littafin da ya yi don taka wa masu gaggawar kafirtawa birki. Ya yi wa mutanen da kiran Musulunci bai kai gare su ba uzuri, haka kuma waɗanda ya kai gare su a gurɓace. Ya ƙara da cewa wanda kiran ya isa gare shi, ya tashi yana bincike da gaske bai yi sakaci ba, mutuwa ta riske shi kafin ya kammala, ana sa masa ran gafarar Allah. Akwai malamai da ba su tafi a kan wannan sassauci ba, kuma hukuncin lahira na Allah ne shi kaɗai. Amma game da hukuncin duniya babu ruɗu. Lokacin da Usamatu ɗan Zaidu ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen fama, yana ganin tsoron takobi ne ya sa shi, Manzon Allah ya yi ta maimaita masa zargi, yana tambayarsa ko tsaga zuciyar mutumin ya yi, har Usamatu ya yi burin da ma sai ranar ya musulunta. Yaron da ya ke salla, ya zo da tambaya don abin ya dame shi, ya fi wancan mutumin cancantar a kyautata masa zato. Abin da uba zai iya yi shi ne ya bar ƙofar zaurensa a buɗe, ya nemo masa malamin da ya san tambayar ya kuma san amsarta, ya yawaita yi masa addu'a. Hasken da ya warkar da Gazali ba a hannun Juwaini ya ke ba, balle a hannun uba.

Gazali ya rasu a garinsu Ɗus a 1111, yana da shekara 53. Bayansa Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, alƙali Bamalike, ya rubuta Tahafutut Tahafutu ya bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya yana mai da martani, kuma duka littattafan biyu suna nan a na karanta su. Tun Gazali yana da rai, a 1109, malaman fiƙihu na Ƙurɗuba ƙarƙashin Alƙali Ibnu Hamdin suka yi fatawa a kan Ihya'u, Sarki Aliyu ɗan Yusufu ɗan Tashfin ya ba da umurni, aka tara kofe-kofensa aka cinna musu wuta a bainar jama'a, aka kuma tsoratar da duk wanda aka kama da shi. Mabiya mazhabar Malik ne suka ƙone shi. Bayan ƙarni bakwai Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi, su ma Malikawa, suna kafa hujja da maganganun Gazali cikin littattafansu, kuma har yanzu a na buɗe Ihya'u bayan sallar la'asar a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram.